Wayar Da Na Cire a Kan Mukattam

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan tirelar shanu daga Mai'adua zuwa Legas, ban taɓa sauke mushe ba. Da wannan nake tinƙaho a tasha, da shi na yi tinƙaho a Alƙahira, kuma shi ne ya kai ni ya baro. Yadda na bar gida ba abin tsayawa a kai ba ne. Wani ejan a Kano ya ce akwai aikin tuƙi a Saudiyya, amma sai an bi ta Masar an karɓi biza. Mu shida muka sauka Alƙahira a farkon 2012. Ya zube mu a wani ɗaki a Ard al-Liwa, ya ce zai leƙa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya dawo kafin la'asar. Har yau la'asar ɗin ba ta yi ba.

Ard al-Liwa unguwa ce da rana ba ta kaiwa ƙasa. Benaye sun yi tsayi sun haɗa kai, lungu kuwa da ƙyar keke mai ƙafa uku ke wuce ɗan'uwansa. Mutanen wurin ba sa gajiya da kallon baƙin mutum. Kana tafiya a kira ka da sunan cakulan, a bushe da dariya, kai ma ka yi yaƙe don ba ka da inda za ka kai ƙara. Abokan tafiyata suka watse, wasu suka nufi Libiya, wasu ɗalibai 'yan garinsu suka taimaka musu suka koma gida. Ni girman kai ya hana ni. Na yi sallama da 'yan tasha har da yanka rago, da wane ido zan koma in ce an yaudare ni? Wata biyar na yi ina hawa bene na shida da buhun siminti a ka, ni da ake kira Oga Lawwali tun daga Tegina har Jebba. Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce, ƙarar babbar mota ce. In na ji wata ta wuce kan gada tana canza giya ba a kan ƙa'ida ba, sai in tsaya da buhu a ka ina zagin direban a zuci.

Kada a ce na manta alheri. Akwai wani dattijo Bamisire mai ido ɗaya da ke sayar da dafaffen wake a bakin lungunmu. Kullum sai ya ƙara mini ludayi ɗaya da rabin gurasa, kuma har na bar unguwar bai tambayi sunana ba.

Wata Juma'a na fito daga masallaci a Giza na tarar an ɗauke mini takalmi. Na tsaya a ƙofa ina zuba Allah ya isa da ƙarfi, tunda na san babu mai jin abin da nake faɗa. Sai na ji an ce daga bayana, "Bar Allah ya isan nan, ɗana. Takalmi aka ɗauka, ba ƙafa ba." Na waiwaya na ga wani tsoho dogo, siriri, da farar jallabiya da naɗin mutanen Sudan. Sunansa Baba Yakubu. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, tafiya ta ƙare musu a bakin kogi a Sudan, a can aka haife shi. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai yana yayyafa mata Larabci. Ya saya mini silifa, ya ba ni shayi, ya tambayi sana'ata. Da na ce tirela nake ja sai ya ajiye kofinsa ya dube ni sosai.

Baba Yakubu mai kula da dawaki ne a wata gona a hanyar Sakkara, shekararsa ashirin da shida a wurin. Matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba. Duk abin da ya mallaka a duniya ɗaki ne guda a ƙarshen barga, da gadon ƙarfe, da risho, da ƙusa a bango inda yake rataya carbinsa. Mai gonar, wanda kowa ke kira Basha, mutum ne mai son kayan Amurka. Ya yi odar wata a-kori-kura da tirelar dawaki daga can, kuma direba biyu ya kora a kansu. Na farko ya tafi da ƙyauren gona, na biyu ya fasa gilashin baya.

Baba ya kai ni gonar, da na ga tirelar raina ya yi fari. Fara ce, doguwa, tana cin doki huɗu. Ba a gindin mota ake ɗaura ta ba kamar sauran ƙananan tireloli. Gabanta yana da dogon wuya da ya tashi sama ya lanƙwaso, ya sauka tsakiyar bodin a-kori-kurar ya zauna kan wani dunƙulen ƙarfe. Baba yana ce mata Mai Wuya. Na ce a raina ai wannan ƙanwar motata ce, haka kan tirela ke ɗaukar bodinsa. Basha ya tambaya, Baba ya fassara, ko na san irinta. Na ce na ja irinta sun fi goma. Ƙarya nake yi, ko hotonta ban taɓa gani ba. Ya sa na yi ribas da ita tsakanin itatuwan dabino biyu, na shigar da ita tashi ɗaya ban gogi ko ganye ba. Basha ya cire tabarau ya dube ni, ya karɓi fasfona ya sa a aljihu, sannan ya juya ga Baba ya yi doguwar magana yana nuna ƙarshen barga da yatsa. Na ga Baba ya ɗora hannu a ƙirji.

Sai da muka keɓe ya gaya mini abin da aka ce. "A nan ba a ɗaukar baƙo sai wani ya tsaya masa. Ni na tsaya maka. Ya ce ran da ka yi ɓarna, ni zan naɗe tabarmata in ba su ɗakin." Sai ya dube ni ya ce, "Da gaske ka san ta, ya zol?" Haka 'yan Sudan ke kiran mutum.

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na karanto masa shekara goma sha ɗayan nan da mushen da ban taɓa saukewa ba. Ya ce kwayyis, wato da kyau, bai sake ɗago maganar ba. Daga baya na gane cewa Rayyis Fathi, shugaban ma'aikatan gonar, ya daɗe yana zuga Basha cewa tsohon ya gama amfani, don yana so ya kawo ƙanin matarsa ɗakin. Wato Baba ya ɗauki abu ɗaya tak da yake da shi ya ɗora a kan sitiyarin mutumin da ya tsinta ba takalmi a ƙofar masallaci.

Shekara guda muka yi lafiya lau. Na koyi halin Mai Wuya da kaina. A kwana tana yanke hanya ta ciki, sai ka buɗe sosai ka ba ta wuri. In ka matse kwanar da yawa, wuyan ya zo ya gaida gilashin baya, abin da ya ci direba na biyu ke nan. A-kori-kurar kuwa fetur take sha, fulogi takwas, giyarta da kanta take canzawa, ƙafata ta hagu ta zama ba aikin yi. Ba kaya tana tashi kamar ba ta taɓa ƙasa, amma da an ɗora mata Mai Wuya da dawaki sai ta kama ihu a kowane hawa, kana kallon allurar mai tana sauka da idonka. Ni da na saba da injin gas mai gurnani a hankali ya ja duniya, ban taɓa ganin girmanta ba. Akwai wani ɗan akwati baƙi a ƙarƙashin sitiyari mai jar fitila da ke kamawa in na taka birki. Ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Na riga na ce na ja irinta goma, wa zan tambaya, in ce masa me?

A ɗakin harawa nake kwana, amma a ƙofar Baba nake cin abinci. Yakan tuƙa mana tuwon dawa ya kaɗa busasshiyar kuɓewa, mu zauna yana tambayata Sakkwato. Da gaske kogin yana nan? Da gaske har yanzu ana rina baƙi? Ni da sau biyu kacal na taɓa kai kaya garin, sai in yi ta ƙara masa gishiri, in faɗaɗa kogin, in tsawaita kasuwar. Yana ji yana lumshe ido. Ni ina kewar garin da na baro, shi yana kewar garin da bai taɓa gani ba, kuma tasa ta fi tawa zafi.

A cikin dawakin akwai wata farar goɗiya, Nasma. Baba ne ya jawo ta da hannunsa ranar da aka haife ta. Tsoron Mai Wuya take ji, ba ta shiga sai ya riga ta shiga, kuma ba ta natsuwa sai yana tsaye kusa da ita yana riƙe da ragama yana yi mata magana da Hausa. Saboda haka duk tafiyar da za a yi da ita, Baba a cikin tirela yake yin ta a tsaye.

Bazarar 2013 mai ya yi wuya a Alƙahira. Layi yakan miƙe daga gidan mai har ka daina ganin ƙarshensa, a yi ta zage-zage da dambe tun hantsi, la'asar ta yi a ce ya ƙare. Basha yana da durom-durom na fetur a gona, mabuɗin yana hannun Rayyis Fathi. Basha ya ce a cika mini tanki, Fathi ya zuba rabi, sauran ya bi ta ƙofar baya zuwa wurin 'yan bumburutu. Sau ɗaya na yi magana. Fathi ya riga ni wurin Basha ya ce baƙin direban nan ƙafarsa nauyi gare ta, ko kuma yana da inda yake kai man. Baba ya ja ni gefe ya roƙe ni in yi shiru, ya ce rigima da Fathi a kansa za ta ƙare. Na yi shiru, na koma wa dabarar gida. Duk direban da ya ci sunansa a hanyar Legas ya san firi: in ka zo gangara ka zare giya, ka bar nauyin kaya ya tafi da kai, inji yana hutawa mai yana zaune. An hana, kowa kuma yana yi. Na fara yi wa a-kori-kurar haka a gangaren gadoji, na ga ta karɓa.

Ranar da abin ya faru za mu ɗauko Nasma ne daga bargar wani abokin Basha a kan dutsen Mukattam, inda aka kai ta baye wurin wani ingarma ta kwana arba'in. An ce ta ɗauki ciki, Basha sai rawar kai yake yi. Fathi ya zuba mini jarka ɗaya. Na ce ba za ta kai mu ta dawo da mu ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce yalla, wato mu kama hanya. Mukattam dutse ne da ya tsaya a kan birnin, hanyarsa an sassaƙe ta a jikin dutse tana nannaɗewa. Tirela ba kaya amma hawan nan ya shanye jarkar Fathi kusan duka. Muka isa sama allura tana kwance kan ja. Gidajen mai biyu da muka wuce duk an gicciya musu sarƙa.

Ana shirin shigar da goɗiya na zagaya motar kamar yadda na saba. Akwai wata waya mai kauri da ke fitowa daga wuyan tirela ta shiga soket a bayan a-kori-kurar. Na tarar ta goge da ƙarfen bodi, robarta ta ɗaye, in ta motsa tana tartsatsi. A babbar mota birkin bodi ta tiyon iska yake bi, waya kuwa ta fitila ce kawai, ko ɗan koyo ya san haka. Mai Wuya ba ta da tiyo, don haka tun ranar farko na yanke a raina cewa ba ta da birki nata, na a-kori-kurar ne ke riƙe su duka. Rana tsaka ce, wa ke bukatar fitila? Tartsatsi kusa da tankin fetur kuwa ba abin wasa ba ne. Na zare wayar, na naɗe ta, na ɗaure da guntun roba a jikin wuyan, ina jin kaina gwani.

Baba yana tsaye da ragamar Nasma a hannu yana kallona. Ya ce, "Lawwali, igiyar nan fa? Tun da aka kawo Mai Wuya ban taɓa ganin an tafi da ita a cire ba."

Rana ta dafa ni, maganar mai tana cin raina, ga tsoho yana koya mini aikina a gaban Misirawa. Na ce, "Baba, kai doki ka sani, ni na san mota. Shiga mu tafi."

Ya shiga, goɗiyar ta bi shi, na rufe musu ƙofa.

Da muka kama gangara na zare giya. Da farko daɗi, inji ya yi shiru, iska tana shigowa, ga birnin shimfiɗe a ƙasa cikin hayaƙinsa. A kwana ta farko na taɓa birki. A-kori-kurar ta durƙusa, amma sai na ji kamar an dafa ƙeyata ana tura ni gaba. A da in na taka birki nakan ji komai ya tsaya tare, ina yaba wa ƙafata. Yau tirelar ba ta san an taka komai ba. Na ƙara dannawa. Kafin kwana ta biyu ƙaurin birki ya cika mini hanci, abin takawar ya fara laushi yana tafiya ƙasa. Na mayar da giya, motar ta yi wata irin girgiza, inji ya kurma ihu, gudu bai ragu ba. Ƙafata ta hagu sai lalube take yi tana neman birkin inji irin na tsohuwar motata, babu shi. A gabana wata ƙaramar bas cike da mutane ta tsaya sauke fasinja. A dama akwai tulin yashi inda ake wani gini. Na karya sitiyari na nufe shi.

Gaban motar ya nutse a yashi ya tsaya. Mai Wuya ba ta tsaya ba. Ta juyo ta gefe, wuyanta ya shigo ta gilashin baya, ɓaraguzai suka zubo mini a wuya. Daga cikinta na ji faɗuwar abu mai nauyi, sai dukan kofato a jikin ƙarfe. Muryar mutum ce ban ji ba, kuma ita ta fi ba ni tsoro.

Na buɗe ƙofar gefe. Nasma ta riga ta miƙe tana rawar jiki, jini yana bin ƙwaurinta na baya. Baba yana kwance a lungu inda ta faɗo masa, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ragamar tana naɗe a hannunsa bai sake ta ba. Na durƙusa zan ɗaga shi, ya ce kada in taɓa shi, in duba ƙafarta tukuna.

Mutane suka taru, aka fito da shi a kan wani katako aka ajiye bakin hanya. Wata mata mai sayar da shayi ta bar tukunyarta ta zo ta riƙe kwali a kan fuskarsa don rana, tana jiƙa masa leɓe da ruwa, ta fi awa guda a haka hannunta bai sauka ba. Basha ya iso da likitan dabbobi a motarsa. Likitan ya fito da jakarsa da sauri, ya kewaye Baba kamar yadda ake kewaye kwata, ya je ya durƙusa gaban goɗiya. Basha yana rungume da wuyanta yana sumbatar ta. Direban bas ɗin da na kusa niƙewa shi ne ya sauke fasinjojinsa, ya kwantar da kujeru, ya tafi da Baba asibiti. Ban san sunansa ba shi ma.

Wanda ya zo janye mu daga yashi wani ƙaton mutum ne mai motar ɗaga kaya, da taba a baki. Ya zagaya yana duba inda zai sa ƙugiya, sai idonsa ya faɗa kan wayar da na naɗe. Ya tambayi wa ya cire ta. Na ce ni ne, ai ta fitila ce. Ya yi mini irin kallon da nake yi wa sababbin direbobi a tasha. "Faramil," ya ce, wato birki. Da ɗan Larabcin da na tsinta da nunin hannu ya fahimtar da ni cewa irin wannan tirela birkinta na lantarki ne, ta wayar nan yake bi, kuma ɗan akwatin nan mai jar fitila shi ke ba shi umarni. Shekara guda ke nan Mai Wuya tana tsayar da kanta, ni ina karɓar yabo. Na jingina da taya. Mutumin ya waiwaya ya ga Basha ya ba mu baya. Ya kwance robar, ya mayar da wayar soket ɗinta, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya ci gaba da aikinsa.

Ya yi ne don tausayi, na sani. Amma da ya bar ta a naɗe da wataƙila yau ina iya kallon kaina a madubi. Da Basha ya tambaye ni abin da ya faru, na ce birki ne ya yi zafi ya saki. Ban ambaci waya ba, ban ambaci firi ba. Ko jarkar Fathi ban ambata ba, don in na buɗe zancen mai, zancen firi zai biyo baya. Fathi yana tsaye a wurin yana kallona, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya binne.

Bayan kwana uku Basha ya je asibiti, ya tafi da ni. Ƙashin kwatangwalo ne ya karye, likitoci sun ce ko ya warke ba zai sake tsayuwar barga ba. Baba ya rame a kwana ukun nan har na kusa kasa gane shi. Basha ya tsaya daga bakin gado bai zauna ba. Ya ce goɗiya tana lafiya, cikin bai zube ba, Baba ya ce alhamdu lillahi. Sannan Basha ya tambaye shi ko ya ga direba ya yi wani abin da bai dace ba a ranar nan. Baba ya kalli silin ya amsa da Larabci, sa'an nan ya maimaita da Hausa, ina jin don kada in ce ban gane ba.

"Ni doki na sani. Shi ya san mota."

Da an mare ni a gaban 'yan tasha da ya fi mini sauƙi.

Na koma gona na ɗaure 'yan kayana, ina jiran a kore mu tare. Washegari Fathi ya kira ni yana murmushin da bai kai ido ba. Ya ce Basha ya ce direban da ya iya tsayar da motar da birkinta ya saki, bai kashe goɗiya ba, bai taɓa bas ba, ba a sakin irinsa. Amma magana magana ce. An yi ɓarna, Nasma ta ji ciwo, gilashi ya fashe, kuma akwai wanda ya ɗora hannu a ƙirji. Tsohon zai bar ɗakin. Murmushin Fathi ya gushe da ya zo ƙarshen saƙon, don Basha ya ce ba ƙanin matar Fathi za a ba ɗakin ba. Ya fi so direba ya kwana kusa da mota, ni za a ba.

Zan iya cewa fasfona da ke hannun Basha ne ya ɗaure mini ƙafa da baki. Haka na riƙa gaya wa kaina, kuma ƙarya ce, don ko nemansa ban yi ba. Ofishin Basha taku ashirin ne daga inda nake tsaye. Abin da zan faɗa bai fi jimla biyu ba: ni na cire waya, tsohon ya gargaɗe ni. Ban san ko hakan zai ceci ɗakin ba, amma ban gwada ba. Na tuna buhun siminti da bene na shida, na kwance kayana. Shekara biyu na ƙara a gonar. Nasma ta haifi ɗanta lafiya, ni na kai su wurin nuni na dawo da su. Da na koma gida a 2015, 'yan tasha suka tarbe ni da tsohon kirarina na wanda bai taɓa sauke mushe ba. Gaskiya ne kuwa, har yanzu ban sauke ba, kuma ba na son jin sa.

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti ni aka aika in kai shi Arba wa Nus, can gabashin birni, inda wani ɗan garinsu mai ɗinki ya yarda ya ba shi wuri ƙarƙashin matakalar bene. Ba ya iya zama, don haka kujerar gaba ba ta yi masa ba. Fathi ya ce a sa shi a Mai Wuya, ai ya saba da ita. Na wanke ta sau biyu, na shimfiɗa katifa a gurbin da Nasma ke tsayawa. Na jera masa gadon ƙarfensa da rishonsa da akwatinsa a gurbi na biyu, shekara ashirin da shida ba su cika gurbin doki ɗaya ba. Ma'aikatan asibiti suka taya ni kwantar da shi. Duk hanya na shirya maganar da zan yi masa, na tsara ta tsaf, amma da na tsaya a kansa sai bakina ya ƙi buɗewa. Na gyara masa matashi, na sa masa carbinsa a hannu, na juya zan rufe ƙofa.

Ya ce, "Lawwali."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ka haɗa igiyar?"

"Na haɗa, Baba."

"To, tamam. Tafi sannu."

Tanki a cike yake ranar, Basha da kansa ya tsaya aka zuba. Ban zare giya ko sau ɗaya ba, motocin baya suna ta yi mini ham ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A Arba wa Nus tirelar ta kasa shiga lungun, sai a kan ƙyaure muka ɗauke shi muka ƙarasa da shi. Wurin ba taga, kuma duk wanda zai hau bene sai ƙurar takalminsa ta zubo. Ya yi mini godiyar kawo shi, ya ce in riƙa jiƙa wa Nasma dusa don ba ta son ta a bushe.

Na dawo gona kafin magariba na shimfiɗa tabarmata a ɗakinsa. Ƙusar tana nan a bango, na rataya mabuɗin mota a kanta. Ɗakin yana da sanyi, iska tana shigowa ta wajen dabino. Na so a ce na kasa barci, amma barci na yi mai daɗi har gari ya waye, kuma shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.